Karatun Gida a Amurka: Rubuta Abin da Yaro Ya Koya Haƙƙinsa Ne a Kan Iyayensa

Tun daga shekarar 1993 doka ta amince wa iyaye a dukkan jihohin Amurka 50 su koyar da 'ya'yansu a gida maimakon su tura su makaranta, kuma adadin masu yin hakan ya ƙaru sosai tun daga lokacin. A 1999 hukumar ƙididdigar ilimi ta ƙasar ta kiyasta yaran da ke karatun gida da kimanin 850,000, zuwa 2016 sun kai wajen miliyan 1.7. Da annobar korona ta rufe makarantu, wani bincike na hukumar ƙidayar jama'a ya nuna cewa gidajen da ke koyar da yara a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a bazarar 2020 zuwa kashi 11.1 kafin shekarar ta ƙare, a gidajen baƙar fata kuwa tashin ya fi haka nesa ba kusa ba, daga kashi 3.3 zuwa 16.1. A cikin wannan ayari akwai namu. Akwai masu jin Hausa 'yan Gana da Nijar a Bronx da Harlem cikin birnin New York, akwai 'yan Nijar da yawa a Greensboro ta jihar North Carolina, kuma a irin waɗannan gidaje ne ake jin uwa ko uba na cewa sun gaji da abin da yara ke kwasowa a makarantar gwamnati, suna son yaro ya yi hadda, ya tashi da tarbiyya, ya kuma samu boko mai inganci.

Ba ni da ja da wannan niyya, ina ma ganin ƙimarta. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake shiga lamarin da zumuɗin koyarwa, a manta da rabinsa na biyu, wato rubuta abin da aka koyar ta hanyar da wani baƙo, wanda bai taɓa ganin yaron ba, zai karanta ya gamsu. Ra'ayina shi ne duk wanda ya cire ɗansa daga makaranta ya ɗauki aikin malami da na magatakarda a lokaci guda, kuma idan ya yi na farkon ya bar na biyun to ya tauye wa yaron haƙƙi, komai kyawun karatun da aka yi a falo.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san yadda jami'o'in Amurka ke ɗaukar ɗalibai. Yaron da ya yi sakandare ta yau da kullum yana da ofishin da ke ajiye masa tarihin karatunsa daga aji 9 zuwa aji 12, kuma ranar da zai nemi gurbi wannan ofishi ne zai aika wa jami'a takardar sakamako mai ɗauke da kowane darasi da makinsa, jami'in ba da shawara na makarantar kuma ya rubuta wasiƙar shaida. Ɗan karatun gida ba shi da wannan ofishi. A manhajar Common App, wadda ɗaruruwan jami'o'i ke karɓar buƙatun ɗalibai ta cikinta, uwa ko uba ne ke zama a kujerar wancan jami'i, su ne za su loda takardar sakamako, su bayyana tsarin da suka bi da dalilinsu, su faɗi yadda suka auna maki. Wanda bai rubuta komai ba tsawon shekara 4 zai zauna a gaban kwamfuta a watan Oktoba na shekarar ƙarshe yana ƙoƙarin tuno littafin lissafin da aka yi amfani da shi lokacin da yaro ke da shekara 14, da ko an kammala shi, da makin da ya dace a ba shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da aka harhaɗa daga tunani a irin wannan lokaci, ko an yi shi da zuciya ɗaya, kintace ne kawai.

Takardar kanta ba wani abin tsoro ba ce, shafi ɗaya ne. A sama akwai sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa da ranar da ake sa ran zai kammala, a ƙasa kuma shekaru huɗu a jere, kowace da darussanta. Layi ɗaya zai iya cewa aji 10, ilimin halittu tare da gwaje-gwaje, kiredit 1, maki B. Kiredit ɗin nan yana da asali: tun 1906 gidauniyar Carnegie ta tsayar da ma'aunin da har yau ake bi, wato kimanin awa 120 na karatun darasi ɗaya a shekara shi ne kiredit ɗaya. Ana mayar da haruffan maki zuwa lambobi, A ta zama 4, B ta zama 3, C ta zama 2, a fitar da matsakaici. Yawancin jami'o'i masu shekara huɗu suna son su ga Ingilishi na shekara 4, lissafi na shekara 3 ko 4, kimiyya ta aƙalla shekara 3 da wasu daga ciki masu gwajin hannu, tarihi da zamantakewa, da wani harshe na waje na shekara 2 ko fiye. Inda aikin yake shi ne abin da ke bayan kowane layi, domin jami'a na iya neman bayanin darasi: wane littafi aka bi, bugu na nawa, waɗanne babobi aka yi, rubuce-rubuce nawa yaro ya miƙa, kashi nawa na makin ya fito daga jarrabawa kuma nawa daga aikin gida.

A ce yarinya tana koyon ilimin sinadarai a kan teburin kicin, ta dafa jan kabeji ta tace ruwansa, ta ɗiga ruwan lemun tsami a kofi ɗaya ya koma ja, ta zuba ruwan kanwa a wani ya koma kore, ta gane bambancin abu mai tsami da kishiyarsa da idonta. Wannan karatu ne na gaske, watakila ma ya fi zama mata a rai fiye da wanda za ta yi a ajin mutum talatin. Amma idan aka wanke kofunan aka wuce, bayan shekara biyu ba wanda zai iya nuna cewa an yi shi. Idan kuwa a ranar ta buɗe littafin gwaje-gwajenta ta rubuta kwanan wata, da tambayar da take son amsawa, da kayan da ta yi amfani da su, da launin da ta gani a kowane kofi, da abin da ta fahimta, mahaifiyarta kuma ta ɗauki hoto ta sa a jakar darasin, to an samu shafi ɗaya daga cikin shafukan da za su ba kalmar gwaje-gwaje ma'ana a takardar sakamako. Minti goma wannan zai ci, kuma rubutun ma wani ɓangare ne na koyon kimiyyar.

Dokokin jihohi sun sha bamban ƙwarai, kuma a nan nake da ra'ayin da na san wasu masu karatun gida ba za su so shi ba. A New York dole iyaye su sanar da hukumar makarantun yankinsu niyyarsu, su miƙa tsarin karatun kowane yaro na shekara, su aika rahoto sau 4 a shekara, su cika awa 900 a azuzuwan firamare da 990 daga aji 7 zuwa 12, sannan a aji 9 zuwa 12 yaro ya zauna jarrabawar auna ƙwazo kowace shekara. A Pennsylvania, bisa dokar 1988, ana tara ayyukan yaro a kundi wanda wani ƙwararren malami ko masanin halayyar ɗan Adam zai duba a ƙarshen shekara. North Carolina na neman sanarwa, da rajistar halartar karatu, da takardar rigakafi, da jarrabawa ta shekara-shekara. A Texas kuwa, tun bayan hukuncin kotun ƙolin jihar a shari'ar Leeper a 1994, ana ɗaukar karatun gida a matsayin makaranta mai zaman kanta, ba a buƙatar rajista, ba a buƙatar jarrabawa, ba wanda zai zo ya tambayi komai.

Ƙungiyoyin kare masu karatun gida, irin su HSLDA da aka kafa a 1983, sun daɗe suna yaƙi da irin ƙa'idojin New York, suna kallonsu a matsayin katsalandan ɗin gwamnati a cikin gida. Na fahimci tsoronsu, kuma iyalin baƙi Musulmi na da nasa dalilin na ƙin yawan mu'amala da ofisoshi. Duk da haka ina ganin tsarin da ke tilasta ɗan rubutu ya fi zama alheri ga yaro fiye da wanda bai nemi komai ba. Uwar da ke aika rahoto sau huɗu a shekara, ko da tana gunaguni, ta gama tara rabin abin da jami'a za ta nema ba tare da ta ankara ba, yayin da 'yancin Texas na iyaye ne, idan aka yi sakaci kuwa yaron ne zai biya kuɗinsa yana da shekara 18, lokacin da ba a iya komawa baya. Saboda haka shawarata ga mazauna jihohin da ba su matsa ba ita ce su ɗora wa kansu abin da doka ba ta ɗora musu ba. Mazauna New York su ma kada su ɗauka rahoton ya wadatar, domin jihar ba ta ba ɗan karatun gida takardar kammala sakandare irin ta makarantunta, kuma kafin kwaleji a jihar ta ba shi digiri sai ya nuna ɗaya daga cikin hujjojin da aka amince da su, kamar wasiƙar shugaban makarantun yankinsa mai tabbatar da cewa karatunsa ya yi daidai da na sakandare, ko jarrabawar da ke maye gurbin takardar, ko kiredit 24 na kwaleji a fannonin da aka fayyace. Wasiƙar kuwa ba ta samuwa sai an kiyaye rahotannin tun farko.

Akwai wata matsala da rubutu kaɗai ba ya warwarewa, ita ce wanda ya ba da makin shi ne wanda ya haifi ɗalibin. Ma'aikacin jami'a da ya ga A daga sama har ƙasa da sa hannun uwa ba zai ce ƙarya ba ne, amma ba shi da abin da zai auna da shi. Mu ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ba ta tsaya a kan umarnin rubuta bashi ba, ta haɗa da kafa shaidu, alhali masu mu'amalar muminai ne. Shaidun ɗan karatun gida su ne makin da wani na waje ya ba shi. Akwai jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT mai maki 1600 da ta ACT mai maki 36, kuma ko da yake jami'o'i da yawa sun daina wajabta su lokacin korona, MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, Dartmouth da Harvard suka bi sahu a 2024. Akwai jarrabawar AP ta hukumar College Board, wadda ke auna darussa masu matakin jami'a, da ake yi a watan Mayu, mai maki 1 zuwa 5, wadda ɗan gida zai iya zama, sai dai dole a nemo makarantar da za ta ba shi kujera tun farkon shekarar karatu. Abin da na fi so duka shi ne yaro ya ɗauki darasi ɗaya ko biyu a kwalejin gari mai shekara 2 tun yana aji 11, domin daga nan zai samu takardar sakamako ta hukuma, da malamin da ba ɗan'uwansa ba wanda zai iya rubuta masa wasiƙar shaida, da kuma sanin yadda ake miƙa aiki a kan lokaci ga wanda ba zai yi masa uzuri ba.

Daga nan ake gane cewa zaɓen manhajar karatu da ajiye bayanai abu ɗaya ne. Tambayar da na fi ji ita ce wace manhaja ce ta fi kyau, kuma a ganina an fara daga inda bai kamata ba. Kamata ya yi a fara da ƙofar da ake so yaro ya iya shiga, a buɗe shafin jami'o'i biyu ko uku, har da ta jihar da ake zaune, a karanta abin da suke nema, sannan a lissafo baya zuwa aji 9, har ma aji 7. Yaron da ke son injiniya yana buƙatar ya isa lissafin kalkulas ko dab da shi a aji 12, wannan kuwa na nufin a gama aljabara ta farko a aji 8 ko 9, kuma wanda bai yi wannan lissafi ba sai ya farga a makare. Mai son buga ƙwallo a manyan jami'o'i na da nasa sharaɗin, domin hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i na neman darussa 16 na asali, kuma tana sa iyayen ɗan gida su cike takarda ta musamman a kan kowane darasi.

Bayan an san inda aka dosa sai a dubi yaron da kuma mai koyarwar. Littattafan lissafi na Saxon suna gabatar da abu kaɗan-kaɗan suna ta maimaita na baya a kowane darasi, abin da ke taimakon mai saurin mantuwa amma yana iya gundurar mai saurin ganewa. Tsarin lissafin Singapore na tsayawa a kan batu ɗaya har sai an ƙware, yana amfani da zane wajen warware tambaya, sai dai yana son mai koyarwa da ya fahimci lissafin shi kansa. Khan Academy, makarantar darussan bidiyo ta intanet, kyauta ce kuma tana da amfani sosai, amma kallon bidiyo ba ya zama darasi sai an haɗa shi da aikin da aka rubuta aka duba. Uban da ke tuƙin tasi har dare da uwar da ke da jariri a baya su faɗa wa kansu gaskiya game da awannin da suke da su, idan babu, to makarantar intanet da hukumomin tantancewa suka amince da ita, wadda ita ce za ta ba da maki ta fitar da takarda, ta fi musu manhaja mai tsada da za ta zauna a kwali.

Akwai kuma batun aƙida, wanda iyayenmu ke yawan gano shi bayan sun biya kuɗi. Manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwar karatun gida sun fito ne daga cibiyoyin Kirista masu ra'ayin riƙau: Abeka na da alaƙa da kwalejin Kirista ta Pensacola a Florida, BJU Press kuma ta samo asali daga jami'ar Bob Jones a South Carolina. Ba su ɓoye wannan ba, kuma littattafansu na koyon karatu da nahawu suna da tsari, amma wa'azinsu na ratsa tarihi da adabi da kimiyya. Bayan abin da ya shafi imanin yaro, akwai abin da ya shafi karɓuwa. Jami'ar California ta ƙi amincewa da wasu darussa da wata makarantar Kirista ta gina a kan littattafan waɗannan kamfanoni biyu, aka kai ta ƙara, kotun tarayya ta ba ta gaskiya a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2010. Shari'ar ta shafi makarantu ne, amma abin da ta nuna ya shafi kowa: jami'a na da ikon duba littafin da aka karanta, ba sunan darasin kawai ba. Wannan gargaɗi ya hau kanmu mu ma, idan muka sauya ilimin halittu da wani abu muka bar masa sunan.

Karatun addini kuwa ina ganin a rubuta shi da alfahari kuma da gaskiya. Larabcin da aka yi da littafi da malami da jarrabawa harshen waje ne cikakke, ya cancanci kiredit kamar Faransanci ko Sifaniyanci. Fiƙihu da sira da tajwidi za su iya shiga a matsayin darussan zaɓi, haddar izu 60 kuma nasara ce da ya kamata ta fito a jerin ayyukan ɗalibi da cikin rubutunsa game da kansa, tare da wasiƙar malamin da ya saurare shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a dakatar da lissafi da kimiyya shekara biyu ko uku saboda hadda, sannan a cike gurbin a takarda da darussan da ba a yi ba. Wannan shaidar zur ce ko da ɗanka ka yi wa, kuma ajin farko na jami'a zai tona ta. Rubuta tarihin karatu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman, Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne, kuma ijazar malamanmu tana faɗin littafi da malami da wanda malamin ya karɓa daga gare shi.

Saura iyalan da ke da niyyar mayar da yaro ƙasarsu ta asali don jami'a, waɗanda su ne suka fi shiga haɗari. Takardar da uwa ta buga a kwamfutarta na iya buɗe ƙofa a Ohio, amma tsarin Najeriya an gina shi ne a kan jarrabawar hukuma: sakamakon kiredit a darussa 5 har da Ingilishi da lissafi a WAEC ko NECO ko makamancinsu, sannan jarrabawar JAMB mai maki 400. Gana ma jarrabawar WASSCE ta hukumar WAEC take nema, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kuma takardar bakaloriya. Hanyoyin suna nan, domin WAEC da NECO na da jarrabawar masu zaman kansu, IGCSE ta Cambridge ma ana iya zamanta ba ta hannun makarantar da yaro ke zuwa ba, amma kowace na da manhajarta, kuma wanda ya shekara huɗu yana karanta tarihin Amurka da ma'aunin inci da fam ba zai wayi gari ya amsa tambayoyinsu ba. Iyalin da ke wannan tunani su yanke shawara tun yaro na aji 8, su sauko da manhajar jarrabawar da za a zauna daga shafin hukumarta, su ajiye ta kusa da jerin darussan shekara, su riƙa yi wa kowane batu alama da kwanan watan da aka kammala shi.